A Bar wa Matan Aure Wayoyinsu

Wata magana ta zama ruwan dare a majalisun maza, a nasihar walimar aure, har a shirye-shiryen rediyo da ake bugo waya: wai babbar waya ce ke kashe aure a ƙasar Hausa. Amarya ta yi yaji, waya ce. Miya ta kama, ai tana can tana danne-danne. Daga nan sai shawara ta biyo baya, ko maigida ya karɓe wayar ya bar ta da ƙarama mai tocila, ko a gindaya sharaɗi tun kafin ɗaurin aure cewa ba Facebook, ba WhatsApp. Masu wannan ra'ayi ba tsiraru ba ne. Cibiyar CITAD da ke Kano ta yi bincike a kan mata da intanet a Arewa, ta tarar fiye da rabin mazan da aka tambaya ba sa son matansu su shiga intanet, iyaye maza kuma da ke hana 'ya'yansu mata sun ma fi haka yawa.

Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma kuskure ne mai tsada, domin mata da 'ya'yansu ke biyan kuɗinsa.

A fara da zargin kashe aure, tunda shi ne babba. Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a watan Agustan 2001. An ƙirƙiro WhatsApp a 2009, TikTok kuwa bai fita duniya ba sai 2017. To a watan Janairun 2009, lokacin da babu wata matar aure a Kano da ta san menene sitatus, Hajiya Altine Abdullahi, shugabar wata ƙungiyar zawarawa da marayu, ta shirya fitowar zawarawa kan titi don kukan yawan sakin aure, Hisbah ta hana. A 2012 gwamnatin Kwankwaso ta fara auren zawarawa da mutum 100, saboda matsalar ta riga ta kai inda gwamnati ba za ta kawar da kai ba. In an ƙara ja da baya, labarin bai sauya ba. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, aure huɗu ta yi, kuma a labarinta fita daga wannan gida a shiga wancan abu ne da aka saba gani tsakanin matan zamaninta. An haife ta tun kafin Turawa su ci ƙasar Hausa. Duk wanda ya taɓa zama a kotun shari'a ko zauren sulhu ya san abin da ke kawo ma'aurata: rashin cefane, auren da aka yi ba a shirya ba, duka, ƙarin aure a ɗaki ɗaya, saki a kan fushin minti biyar. Waya ta zo ta tarar da waɗannan duka. Ɗora mata laifin barin jaki ne ana dukan taiki.

Abin da masu son a karɓe waya suka kasa gani ya fi wannan girma. Matar Bahaushe da ke cikin kulle ba ta taɓa zama ba sana'a ba. Wata mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta rubuta a kan kasuwancin da ke gudana a cikin gidaje ba tare da idon baƙo ya gani ba: hatsi, man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, fura, duk a hannun matan da ba sa zuwa kasuwa. Enid Schildkrout ta yi irin wannan nazari a cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna ginshiƙin da wannan kasuwanci ya dogara a kai, wato yara. Uwa tana ɗaka, 'yarta ce ƙafarta da bakinta. Ita ke ɗaukar faranti a ka, ita ke sayo kayan haɗi, ita ke karɓo bashi. Daga ribar tallan nan ake tara kayan ɗaki. Kowa ya san abin da talla ta ci wa 'ya'ya mata: makarantar da ba a je ba, da haɗarin tashoshin mota da shagunan da yarinya 'yar shekara goma ke shiga ita kaɗai bayan magariba. Malamai sun yi wa'azi a kai, gwamnatoci sun yi dokoki, talla ba ta gushe ba, domin babu wanda ya ba uwar wata hanyar da za ta kai kayanta ga mai saye.

Waya ta ba ta hanyar. A duba yadda ake yi a yau a unguwanni irin su Kurna, Hotoro ko Tudun Wada. Mace za ta shimfiɗa atamfa a kan gado inda hasken taga ke faɗowa, ta ɗauke ta hoto, ta ninke, ta shimfiɗa wata. Dila a Kantin Kwari ne ya aiko mata da su, wani lokaci ma hotunan kawai ya turo, kayan suna shagonsa. Ta ɗora a sitatus da farashi a ƙasa. Kafin la'asar wata ƙawar yayarta a Gombe ta turo saƙon murya: “Maman Hanif, wannan shuɗiyar nawa ce gaskiyarta?” Aka yi ciniki, alat ya shigo, ta kira mai adaidaita da ta saba da shi ya kai tasha, ta tura wa mai kaya lambar direba. Ba ta leƙa ko zaure ba, 'yarta kuma tana aji. Haka ake sayar da turaren wuta da humra, da dambun nama, da yajin daddawa, da kayan kicin, da lefe sukutum. Adashe ma ya koma cikin waya, uwar adashe na tura sunan wadda kwasa ta zo kanta kowa na gani. A farkon 2023, lokacin da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta ɓace, gidajen da matar ke da asusu a waya kuma ta iya transfa su ne suka ɗora tukunya ba tare da an kwana a layin banki ba.

Ba a ce talla ta ƙare ba. Mai ƙosai da mai awara har gobe suna aiken yara, matar ƙauye kuma da ba ta da kuɗin babbar waya ko na data tana nan inda take. Amma a karon farko an samu abin da ke haɗa kulle da kasuwa ba tare da an sadaukar da karatun yarinya ba, kuma mutanen da suka fi kowa son mace ta zauna a gida su ne ke neman a raba ta da shi. Namijin da ya ƙwace wayar matarsa a kan zargi ya kamata ya san me ya ƙwace: lambobin masu sayen kayanta, lissafin waɗanda take bi bashi, da jarin da ta yi shekaru tana tarawa.

Ba ciniki kaɗai ba ne. A waya mata ke koyon yankan ɗinki da zanen lalle da haɗa sabulu da kek a YouTube, su tsayar da bidiyo su mayar baya har hannu ya faɗa. A nan suke sauraron tafsiri da karatun littattafan fiƙihu da a da sai namiji ya je masallaci ya jiyo, in ya ga dama ya faɗa a gida. A nan marubuta mata ke sakin littattafansu shafi-shafi a zaurukan WhatsApp da Telegram da manhajar ArewaBooks, mai karatu ta biya 'yan ɗaruruwan naira a sa ta a ciki. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata zalla, ta intanet ake tura mata labari. Wannan fage ma ya san irin wannan zargi tun kafin waya. Lokacin da su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa ke cika kasuwa da littattafai, an ce su ne ke lalata 'yan mata, har a 2007 aka tara littattafan Hausa aka cinna musu wuta a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Yau a jami'o'i ake nazarin waɗannan marubuta, ana samun digiri da su.

Shin babu ɓarna a waya? Akwai, kuma mai muni. Akwai 'yan TikTok da ke zubar da mutuncinsu don neman mabiya, akwai zaurukan da ake baje sirrin aure, akwai masu sayar da haɗe-haɗen maganin mata da babu wanda ya san abin da ke ciki, akwai tsohon saurayi da ke riƙe hoto yana barazana. Duk gaskiya ne. Sai dai a lura da wadda ta fi faɗawa hannun macuta. Wani zai kira da muryar girmamawa, ya yi sallama cikakkiya, ya ce: “Hajiya, daga zauren Islamiyyarku ne, za a yi taro ta waya da daddare, an turo miki lamba shida, karanto min in sa sunanki.” Ta karanto. Cikin minti biyu WhatsApp ɗinta ya koma hannunsa, ya shiga bin danginta ɗaya bayan ɗaya da sunanta yana neman rancen gaggawa. Matar da ta san cewa lambar nan mabuɗin gidanta ce, ta kuma sa lambar sirri ta biyu da manhajar ta tanada, ba za a yi mata haka ba. Wadda ake cuta ita ce wadda aka bari cikin duhu, wadda ke taɓa waya a ɓoye, wadda in abu ya faru ba za ta iya faɗa wa mijinta ba don tsoron a ce dama an faɗa. Mai barazana da hoto da wannan tsoron yake cin abinci. Hani yana ƙara masa ƙarfi ne.

Sannan akwai rashin adalcin da ba a son a ambata. A 2024 samari da magidanta a Kano da Kaduna da Zariya suka shafe watanni suna dangwalar fuskar waya da sunan mainin, musamman wasan Hamster Kombat na Telegram, a masallaci bayan sallama, a shago, a kan babur. Da aka fashe a ƙarshen Satumba, akasarinsu abin da suka samu bai taka kara ya karya ba. Cacar ƙwallo ta waya ta cinye kuɗin cefanen gidaje da yawa. Hirar dare da 'yan mata a Facebook kuwa ba matan aure ke yin ta da kansu ba, da wani ake yi, kuma sau da yawa wannan wanin yana da iyali. Duk da haka ba a taɓa jin mai wa'azi ya ce a karɓe wayoyin magidanta a ba su masu tocila ba. Idan namiji ya yi ɓarna da waya, a ce halinsa ne, a yi masa nasiha. Idan mace ta yi, a ce laifin waya ne, a hukunta duk mata.

Masu fakewa da addini a wannan batu su ma suna da tambayar da za su amsa. Shari'a ta ba mace mallakar dukiyarta, miji ba shi da iko a kan abin da ta saya da kuɗinta ko aka ba ta kyauta. Suratul Hujurat ta hana mummunan zato da binciken asirin mutane, ba ta kuma ware miji ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Nurul Albab, ya yi kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci suna karantar da na waje. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda matan da ake kira jaji ke ɗaukar karatu daga wurinta su kai wa matan ƙauyuka har cikin gidajensu, domin ta fahimci cewa matar da ba za ta iya fita ba sai ilimi ya je ya same ta. Miji yana da haƙƙin ya yi magana idan waya ta hana a kula da gida, kamar yadda matar ke da haƙƙin ta yi magana idan shi ya dawo ya kifa kai a kan tasa har barci. Wannan zancen zaman tare ne, ana yin sa da baki.

Hasarar da ta fi ciwo tana kan 'yan mata masu tasowa. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kan kwamfuta gaba ɗaya. Rajistar makarantu, duba sakamako, neman tallafin karatu, neman aikin jinya ko koyarwa, duk ta intanet ake yi. Yarinyar da aka hana taɓa waya har ta gama sakandare za ta zauna gaban kwamfuta ranar jarrabawa hannunta na rawa, lokaci na tafiya, kusa da ita ga wata daga Legas ko Inugu da ta saba tun tana firamare. Al'ummar da ke kukan rashin likitoci mata da za su duba matanta a asibiti ita ce ke toshe ƙofar da likitar za ta bi.

Abin da ake buƙata ba shi da tsada. Makarantun Islamiyya na matan aure suna ko'ina, a kowace unguwa, safe da yamma da dare. Rabin awa a mako ya isa a koya musu sa lambar sirri ta biyu, da gane alat na bogi kafin a saki kaya, da rufe hoto daga idon baƙo, da inda ake kai ƙara idan wani ya yi barazana. Hisbah da ta iya shirya ɗaurin aure 1,800 a rana ɗaya a watan Oktoban 2023 za ta iya sa wannan darasi cikin bitar da take yi wa amare da angwaye, a zaunar da su biyun tare, kowa da wayarsa a hannu.