Sunan uwa cikin rufaffiyar ambulan: wa ke da ikon buɗewa?



Bayan shirinmu na daren Lahadi kan riƙon yara, wani saurayi ya aiko mani saƙon murya ta WhatsApp. Shekararsa 27, kuma sai ranar rabon gadon mutumin da ya tashi yana kira Baba ya ji cewa tsinto shi aka yi yana jinjiri. Tambayarsa guda ce: "Yaya, in akwai takardar da sunan uwata ke ciki, wa ke da ikon hana ni ganinta?" Na kwana da wannan tambaya, shi ya sa na kawo ta nan.

Ɗaya daga cikin ƙasashen da suka daɗe suna gardama a kanta ita ce Faransa. Can mace tana iya shiga gidan haihuwa ta haihu ba ta faɗi sunanta ba. Shi ne suke kira accouchement sous X, wato harafin X ke tsayawa a gurbin sunan uwa. Tsarin yana cikin dokarsu tun 1941. Ana ba uwar wata biyu ko za ta sake shawara. In wa'adin ya wuce, ana iya ba wasu iyaye yaron, a yi mashi sabuwar takardar haihuwa da sunansu. Ɗaruruwan jarirai ake haifa haka kowace shekara.

Da yaran suka girma suka yi ta kuka, sai dokar 22 ga Janairun 2002 ta kafa hukumar CNAOP. Yanzu ana roƙon uwa ta bar sunanta cikin rufaffiyar ambulan, amma ba tilas ba ne. In ɗan ya nema, hukumar za ta tuntuɓi uwar a asirce. In ta yarda a haɗa su, in ta ce a'a magana ta ƙare. Wata mata mai suna Pascale Odièvre, wadda aka haifa a Paris a 1965, ta kai ƙara har kotun kare hakkin ɗan Adam ta Turai. A 2003 alƙalai 10 suka ba Faransa gaskiya, 7 suka goyi bayan matar.

Masu kare wannan sirri suna da hujja, kuma ban raina ta ba. Sun ce yarinyar da aka yi wa fyaɗe, ko wadda ke tsoron danginta, in ta san ba za a tona ta ba za ta zo likita ta haihu lafiya, ta bar jaririn da rai. Mu nan da muke jin labarin jinjiri cikin shara ko masai, mun san nauyin wannan magana.

To amma sirrin nan na mutum biyu ne, kuma ɗaya bai da baki ranar da aka ƙulla shi. Sannan ba kowace uwa ce ke son a rufe ba. Ku dubi abin da ya faru a Ayalan, maƙwabciyar Ingila. Philomena Lee ta haihu ba aure a wani gidan mata masu zaman zuhudu. Ɗanta na da shekara uku aka miƙa shi ga wasu Amurkawa. Ya girma ya zama lauya mai suna Michael Hess, ya koma gidan yana neman uwarsa, ita ma tana nemansa, ba a haɗa su ba. Ya rasu a 1995, bayan ya roƙi a binne shi a harabar gidan ko wata rana za ta ga kabarinsa. Kabarin kuwa ta tarar. Wa wannan sirri ya kare?

Rufaffen dosiye kuma yakan ɓoye ƙarya. Ba mu manta da Abeche ta Cadi ba, inda a 2007 aka kama ƴan ƙungiyar Arche de Zoé za su fita da yara 103 zuwa Faransa da sunan marayun Darfur, alhali galibinsu suna da iyaye a raye. Da jirgin ya tashi, da takardar wa za su nemi gida?

Akwai ƙasashen da suka bi wata hanya. A Ingila tun dokar 1975 wanda aka ɗauka riƙo yana iya karɓar takardar haihuwarsa ta asali in ya kai shekara 18. A Jamus, daga 2014, mace tana iya haihuwa da sunan aro, amma a rubuta sunanta na gaskiya a adana. Yaro in ya kai 16 yana da ikon gani, in uwar ta ƙi, alƙali ya auna tsakaninsu. Ga kuma zamani. Faransa ta hana sayen gwajin ADN ta intanet, tarar ta kai Yuro 3,750, kusan miliyan 2 da jikka 460 na sefa, amma mutane suna aika yawunsu waje suna gano dangi. Alkawarin rufi har abada, babu gwamnatin da ke iya cika shi yau.

Ra'ayina ke nan: a rufa wa uwa asiri daga idon gari, amma kar a shafe sunanta. Tana da ikon cewa ba ta son ganawa. Ba ta da ikon hana baligi sanin daga ina ya fito.

Mu nan al'adarmu ta riga ta faɗi haka. Ɗan riƙo a gidan gwaggo ko kawu ya san uwarsa ya san ubansa, yana zuwa gaishe su da Salla. Musulunci ma ya kwaɗaitar da riƙon maraya, amma ya hana a sake mashi nasaba. Inda muke tuntuɓe shi ne ɗan tsintuwa da wanda aka haifa ba aure. Nan ne muke rufe namu dosiyen, ba da ambulan ba, da shiru. Alhali ranar neman aure mu ne masu binciken asali. Lokotoro zai tambayi ko akwai amosanin jini a dangi. Kuma wa zai tabbatar yaron bai nemi ƙanwarsa da aure ba?

Don haka ina da roƙo uku. Ga hukuma: duk jaririn da aka tsinta a rubuta rana, unguwa, wanda ya tsince shi, har zanen da aka naɗe shi, a adana a gidan shari'a har ya girma. Ga masu riƙo, Allah Ya saka maku: ku faɗa wa yaro da bakinku tun yana ƙarami, kar ya ji a bakin abokin faɗa ko wurin rabon gado. Ga masu nema: ku bi a hankali. Wataƙila uwar tana ɗakin miji da bai san komai ba. A sa dattijo ko malami a tsakani, kar a watsa hotonta a Facebook. Ba kowace haɗuwa ke ƙarewa da runguma ba, wata kallo ɗaya ce a rabu.

Saurayin nan na ce mashi ya fara da tsofaffin unguwar da aka tsince shi, tun suna raye. Ya ce shi ba gado yake nema ba, so yake ya ga fuskar da ya ɗauko.

Ku fa, in ku ne alƙalai, za ku buɗe ambulan ɗin? Sai mun ji daga gare ku.