Jirage Biyu, Jimla Guda: Inda Turanci Ke Ɓoye Shakka

Ranar 15 ga Janairun 2009, jirgin saman kamfanin US Airways mai lamba 1549 ya tashi daga filin LaGuardia a birnin New York. Bai yi nisa ba ya kutsa cikin gungun dinyoyi, injinansa biyu suka mutu. Matuƙinsa, Chesley Sullenberger, ya sauke shi a kan kogin Hudson. Mutum 155 ne a ciki, kuma babu wanda ya rasa ransa. Shekara biyar bayan haka, ranar 8 ga Maris na 2014, jirgin Malaysia Airlines mai lamba MH370 ya tashi daga Kuala Lumpur zai tafi Beijing da mutum 239, ya ɓace. An tsinci wani yanki na fiffikensa a gaɓar tsibirin Réunion a Yulin 2015, amma shekara goma ta cika ba a gano gangar jikin jirgin ba.

Akwai jimlar Turanci guda ɗaya da za a iya faɗa game da kowanne daga cikin jiragen nan, ba tare da an sauya ko harafi ba: "The plane could have broken apart when it hit the water." Idan jirgin Hudson ake nufi, ma'anarta ita ce da jirgin ya tarwatse sa'ad da ya bugi ruwa, sai Allah ya kiyaye. Idan kuwa MH370 ake nufi, ma'anarta ita ce mai yiwuwa jirgin ya tarwatse sa'ad da ya bugi ruwa, babu dai wanda ya sani. A ta farko an san abin bai faru ba. A ta biyu ba a san ko ya faru ba. Bahaushe ba zai taɓa cakuɗa waɗannan biyu ba, domin harshensa ya ba kowanne ɗakinsa: "da" tana nan, "wataƙila" tana can. Turanci ne ya zuba su a ƙwarya ɗaya, kuma yadda ake koyar da wannan babi na nahawu a yawancin azuzuwa yana rufe wannan rami maimakon ya nuna wa ɗalibi bakinsa.

Ginin jimlar ba shi da wuya. Ana ɗauko ɗaya daga cikin ƙananan kalmomin da ke rakiyar aikatau, wato "may", "might", "could" ko "must", a bi ta da "have", sannan a kawo siga ta uku ta aikatau, irin "gone" a jerin "go, went, gone". Shi ke nan. "She may have gone" na nufin ƙila ta tafi. Dalilin wannan zagaye shi ne, tsofaffin sigogin da suka kamata su nuna lokacin da ya shuɗe sun bar aikin tun da daɗewa. Asalin "might" shuɗaɗɗen lokaci ne na "may", kamar yadda "could" take ga "can", hatta "must" a tsohon Turanci shuɗaɗɗiyar siga ce ta wani aikatau da ya riga ya mutu. Da tafiya ta yi tafiya sai suka koma nuna tantama ko ladabi, har ta kai ana cewa "it might rain tomorrow" game da ruwan da bai ma haɗo ba. Da suka sauka daga wannan aiki, sai "have" ta ɗauki kayan. (Harafin "l" da ke cikin "could" ma baƙo ne: marubuta ne suka cusa shi domin ta yi kama da "would" da "should", ba a kuwa furta shi.)

Abin da ɗalibi ya saba gani a allo shi ne jeri: "may have", "might have" da "could have" duk yiwuwa suke nunawa, "must have" tabbaci, "can't have" kore yiwuwa. Wasu malamai har kaso cikin ɗari suke raba musu, wai wannan ta fi waccan ƙarfi da kaza. Wannan lissafi ba shi da tushe mai ƙarfi; masu harshen ba da ma'auni suke zaɓar kalma ba. Jerin yana iya fitar da ɗalibi daga jarrabawar WAEC, inda aka ba shi zaɓi huɗu ya cike gurbi. Amma ranar da aka miƙa masa rahoton kamfanin dillancin labarai aka ce ya mayar da shi Hausa kafin labaran ƙarfe bakwai, jerin ba zai cece shi ba, domin bai koya masa tambayar da ta fi kowace muhimmanci ba: shin an san yadda abin ya ƙare?

Idan ba a sani ba, dukkan ukun suna aiki, kuma fassararsu "wataƙila" ce ko "mai yiwuwa". Idan an sani, kuma ana maganar hanyar da al'amari bai bi ba, to bisa ƙa'idar da masu tace rubutu ke riƙe da ita "may have" ta fita daga wasa, saura "might have" da "could have", fassararsu kuma "da" ce. Wanda ya rubuta cewa fasinjojin Hudson "may have died" ya jefa iyalansu cikin zulumi a kan mutanen da aka riga aka tsamo da ransu; "might have died" ya kamata ya ce. Jaridun Ingila sun daɗe suna fama da wannan kuskure, har jaridar Guardian ta ware masa gurbi a littafin ƙa'idojin rubutunta.

Nan ne mai ja da wannan ra'ayi zai sami abin faɗa, kuma maganarsa ba ta banza ba ce. Zai ce Turawan da kansu sun fara sakin wannan bambanci, ana jin masu sharhin ƙwallo suna cewa "may have" game da bugun da kowa ya ga bai shiga raga ba, kuma mahallin zance kan warware ma'ana. Gaskiya ne. Sai dai mahalli yana taimakon wanda yake da shi ne. Mai kallon wasa ya ga ƙwallon ta bugi turke, saboda haka kowace kalma aka faɗa ba za ta ɓatar da shi ba. Mai fassara a ɗakin labarai sau da yawa layi biyu ne kawai a gabansa, mai sauraron rediyonsa kuwa ba shi da komai sai abin da aka faɗa masa. Sakacin da bai cutar da ɗan harshe ba yana iya zama ƙarya tsagwaronta idan ya ƙetara zuwa wani harshe.

Ɓarnar ta fi muni idan ana maganar mutum. A ɗauki rahoton masu binciken kuɗi da ya ce wani jami'i "may have diverted the funds". Masu binciken sun zaɓi kalmarsu da gangan: sun ga alama, ba su kama hannu dumu-dumu ba. A kanun labarin Hausa, inda wuri ya yi kaɗan kuma "mai yiwuwa" ke rage wa labari armashi, sai jimlar ta koma "jami'i ya karkatar da kuɗi". Kalma biyu aka zubar, amma an mayar da zato hukunci, kuma mutumin da ba a kai gaban alƙali ba ya wayi gari ɓarawo a bakin unguwa. Haka ma "must have" take yaudara ta wata fuskar. Wanda ya haddace cewa "must" dole ce zai fassara "he must have known" da "dole ne ya sani", kamar umarni. Alhali hasashe ne mai ƙarfi daga wanda bai ga abin da idonsa ba: lalle ya sani, ba yadda za a yi a ce bai sani ba. Abin mamaki, "he knew" tsurarta ta fi "he must have known" ƙarfi, domin mai cewa "must" ya riga ya amsa cewa lissafi ya yi, ba shaida ya gani ba.

Korewa ma tana da nata tarko. A jimla mai tabbatarwa "might have" da "could have" kusan tagwaye ne, amma da zarar "not" ta shigo sai su raba hanya. "He might not have seen it" na nufin ƙila bai gani ba. "He could not have seen it" na nufin ba zai yiwu a ce ya gani ba. Ta farko ta bar ƙofa a buɗe, ta biyu ta garƙame ta. Mai ba da shaida a kotu da ya musanya su ya sauya shaidarsa baki ɗaya. Inda Baturen Ingila zai ce "can't have", Ba'amurke sau da yawa "must not have" yake cewa. Ita kuwa "could of" da ake gani a shafukan sada zumunta kuskuren kunne ne kawai, daga yadda ake furta "could've".

Saura fuska ta uku ta "could have", wadda Hausawa suka san ɗacinta tun da suka ce da na sani ƙeya ce. Wani lokaci ba shakka take ɗauke da ita ba, ba kuma labarin tsira ba. Zargi ne: kana da iko, ba ka yi ba. "You could have called" ba hasashe ba ne, ƙorafin wanda ya kwana yana jiran waya ne. Wannan fuska ce ta taso wa Sullenberger bayan an gama yi masa tafi. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta sa an gwada tafiyar a na'urar kwaikwayon tuƙi, wasu matuƙan kuma suka yi nasarar mayar da jirgin filin sauka. A takarda, ana iya cewa "he could have returned to LaGuardia", kuma jimlar ba ƙarya ba ce. Amma waɗancan matuƙa sun san abin da zai faru tun kafin ya faru, suna juya akalar jirgin nan take bayan bugun tsuntsayen. Da aka ƙara daƙiƙa 35, gwargwadon lokacin da ɗan Adam ke bukata ya gane abin da ya same shi ya yanke shawara, gwajin komawar bai kai ga titin sauka ba. Hukumar ta kammala da cewa sauka a kan kogin ita ce ta fi ba mutanen da ke ciki damar tsira.