Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Hafsan Sojin Ƙasa

Ranka ya daɗe,

A watan Satumba 2015, a Gamboru Ngala, Janar Tukur Buratai ya ɗaura wa Muhammad Abu Ali anininsa na Laftanar-Kanar, sakamakon jarumtar da ya nuna wajen ƙwato Baga daga hannun Boko Haram. Kwamandan tankokin yaƙi ne mai shiga gaba, dakarunsa na biye. Ranar 4 ga Nuwamba 2016 ya kwanta dama a Malam Fatori.

Roƙona biyu ne. A riƙa koya wa ɗaliban makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA da kuratan soja na Zariya tarihinsa, su san yadda ake jagoranci. A kuma kula da iyalan ƙananan sojojin da suka rasu tare da shi: haƙƙoƙinsu su fito kan kari, marayunsu su yi karatu. Yaba kyauta tukwici.

Allah ya jiƙansu.

Naka,
Wani ɗan ƙasa