Muna Goyon Bayan Mai Zama a Baya

A zaman ƙungiyarmu ta 'yan jarida na ranar Alhamis da ta wuce, gardama ta kaure har aka kaɗa ƙararrawar tashi ba mu gama ba. Abin da ya jawo ta wani bidiyo ne da ɗaya daga cikinmu ya ba da labarinsa (a gida ya kalla, kada malamin ladabtarwa ya zo neman waya). Wani Bature ne da matarsa a kan babur ɗaya, sun ɗaure jakunkuna hagu da dama, suna ratsa ƙasa bayan ƙasa, suna tsayawa kallon duwatsu da kasuwanni da tsofaffin gine-gine.

Wani ɗan aji shida ya ce, "Wannan ai rashin aikin yi ne. Kuma in shi ya ga zai iya, don me zai jawo 'yar mutane cikin rana da ƙura? Ya bar ta a gida mana." Aka yi dariya. Sai wata 'yar aji biyar ta ɗaga hannu ta ce, "Wa ya gaya maka ba ita ta kawo shawarar ba?" Daga nan aji ya rabu biyu.

Mun yi bincike, mun sake zama, ga matsayarmu: muna tare da 'yar aji biyar. Miji da mata su hau babur su tafi ganin duniya ba abin dariya ba ne, kuma tafiya da matar ita ce mafi kyawun abin da ke cikin labarin. Amma da sharaɗi, za mu zo kansa.

Da farko, ba sabon abu ba ne, kuma ba mutum ɗaya ko biyu suka yi ba. A 1987 wasu ma'aurata 'yan Kanada, Grant da Susan Johnson, suka bar gida su biyu a kan babur ɗaya ƙirar BMW, suka yi shekara da shekaru suna zagaya nahiyoyi. Wasu kuma 'yan Ostiraliya, Peter da Kay Forwood, sun fara tasu tafiyar a 1996 da wani ƙaton babur ƙirar Harley-Davidson, zuwa 2008 sun kai wannan babur ɗin ƙasashe sama da 190. Ku lura, babur ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe. Mu nan sabon biro ma ba ya kai mana ƙarshen zango.

Masu cewa mace ba ta iya wahalar hanya kuwa, ga nasu. A watan Disamba na 1934 wasu mata biyu 'yan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka tashi daga Landan da babur mai akwati a gefe, suna jan tirela. Sun keta hamadar Sahara a lokacin da babu kwalta, injin ya lalace musu, suka yada zango a Agadas har aka gyara, suka isa Kef Tawun ta Afirka ta Kudu a watan Yuli na 1935. Ba miji a tare da su, ba ɗan rakiya.

To, mene ne aikin wadda ke zaune a baya? A nan ne ɗan aji shida ya yi kuskure, domin ya ɗauke ta kamar buhun masara da aka ɗaure da roba. Malaminmu na kimiyya ya yi mana bayani a kan allo. Babur ba ya shan kwana da juya kai kawai, sai ya kwanta gefe. Idan mai tuƙi ya kwanta hagu, wadda ke baya ta ji tsoro ta miƙe ko ta karkata dama, babur zai ƙi bin layinsa, kuma a kan hanyar dutse mai kwana-kwana hakan na iya zama ƙarshen tafiya. Nauyin mutum biyu da kaya yana ƙara tazarar da birki ke buƙata kafin a tsaya, yana sa a ƙara wa taya iska, yana gajiyar da sarƙa. Idan ta yi gyangyaɗi, mai tuƙi zai ji a jikinsa. Ashe ko ba ta riƙe kan babur ba, tana cikin tuƙin.

Ban da wannan akwai aikin da ba a nunawa a bidiyo. Babur ba ya shiga wata ƙasa don kawai mai shi ya yi sallama. Ana neman fasfo da biza, da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da inshora, da katin rigakafin zazzaɓin shawara a ƙasashen Afirka da yawa. Wasu ƙasashen suna neman wata takarda da ake kira karne, wadda ke tabbatar wa jami'an kwastam cewa za a fita da babur ɗin, ba sayarwa aka zo yi ba. A kan iyaka ana iya shafe rabin yini daga wannan taga zuwa waccan. Idan mutum shi kaɗai ne, wa zai tsare masa kaya yayin da yake kan layi? Idan su biyu ne, ɗaya na ciki da takardu, ɗaya na waje da babur. Ɗaya na faci, ɗaya na neman wurin kwana. Ɗaya ya kwanta zazzaɓi, ɗaya ya san sunan maganin da kuma inda aka ɓoye kuɗi.

Sannan kaya. Duk abin da mutum biyu za su yi amfani da shi na tsawon watanni sai ya shiga akwatuna biyu na gefe da jaka ɗaya ko biyu: tanti, tukunya, kayan gyara, magani, tufafi. Ba wurin takalmi kala biyar, ba wurin babbar riga ta zuwa biki. Dole a zauna a yi shawara a kan kowane abu, kuma wanda bai iya sauraron abokin zamansa ba zai tonu tun kafin a bar ƙofar gida. Mun ji ana cewa ba a sanin halin mutum sai an yi tafiya da shi. A mota akwai kujerar baya da za a koma a yi fushi. A babur babu.

Ba mu ce babu abin suka ba. Wani daga cikinmu ya kawo maganar kuɗi, kuma gaskiyarsa. Irin waɗannan babura suna da tsada, ga mai, ga biza, ga jigilar babur a jirgin ruwa idan an zo bakin teku. Fasfon Bature yana buɗe ƙofofin da namu sai an sha layi a ofishin jakadanci, wani lokaci ma a hana. Akwai kuma masu yawon da ke ɗaukar hoton talakawa ba izini, kamar sun shigo gidan namun daji. Wannan ba mu yarda da shi ba, ko da wane irin babur aka zo. Maganar tsaro ma tana nan: hanyar Sahara da matan nan biyu suka bi, a yau masu yawon buɗe ido suna kauce mata.

Amma tsada ba ta mai da abu ya zama na Turawa kaɗai. A 2022 wani ɗan Najeriya, Kunle Adeyanju, ya taso daga Landan da babur a watan Afrilu, ya iso Legas a ƙarshen Mayu, don tara kuɗin yaƙi da cutar shan inna. Kuma ƙasar waje ba sai Turai ba. Ɗan Najeriya yana shiga Benin da Togo da Gana ba tare da biza ba, saboda yarjejeniyar ECOWAS. Daga Legas zuwa Akra bai kai nisan Kano zuwa Maiduguri ba, amma a ciki za a tsallaka iyaka uku, a canza kuɗi daga naira zuwa sefa zuwa sidi, a ji Faransanci sannan a dawo Turanci. Kusa da Kwatano akwai Ganbiye, garin da aka gina a kan ruwa, har kasuwa a cikin kwalekwale ake ci. A Wida akwai ƙofar tunawa da bayin da aka ɗora a jirage ba su dawo ba. In an ƙara gaba da Akra, ga kurkukun Elmina da 'yan Fotugal suka gina a 1482, wanda muke haddacewa don jarrabawar tarihi ba mu taɓa ganin ko bangonsa ba. A unguwar Nima ta Akra kuwa, da Hausa za a sayi abinci. Miji da mata da suka ga waɗannan da idonsu, labari biyu 'ya'yansu za su ji, na Baba da na Mama, kuma mun san ba za su zo ɗaya ba.

Yanzu ga sharaɗin da muka ambata. Mun sake tambayar wanda ya kalli bidiyon yadda matar take. Ya ce tana da hular kwano tata, da jaket mai kauri, da safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu, daidai da na mijin, kuma ƙafa ɗaya hagu ɗaya dama take zaune. Sai muka yi shiru, domin kowa ya tuna abin da yake gani a bakin ƙofar makarantar nan da ƙarfe biyu. Uwa a zaune a karkace, jariri a baya, yaro a kan tanki, ba hula ko ɗaya, bakin hijabi yana lilo kusa da taya. Da yawanmu mun san wata da mayafinta ko zanenta ya shiga sarƙa ya fizgo ta ƙasa. Wanda zai ɗauki matarsa zuwa Gana bai saya mata hular kwano ba, gara ya bi shawarar ɗan aji shida ya bar ta a gida, shi ma ya zauna. Mai kai ta asibiti ko gidan suna a cikin gari, shi ma hular ta wajaba a kansa. Kwalta ba ta tambayar nisan tafiya.

'Yan uwa mata, kafin ku hau babur yau, ku tattare hijabi ku danne shi a kan cinya. 'Yan uwa maza masu satar babur ɗin yaya da yamma kuna ɗaga tayar gaba, ba ku muke yabo ba.

A ƙasan wannan rubutu mun manna taswirar Afirka ta Yamma da malamin labarin ƙasa ya ara mana, da zare da fensir a rataye. Duk mai so ya auna hanya daga garin nan zuwa Elmina, ya rubuta kilomita nawa ya samu, da garuruwan da zai kwana, da wanda zai goya. Za mu buga amsoshi uku a fitowa ta gaba. Ɗan aji shida ya riga ya karɓi zaren, ya ce shi ma zai gwada, amma ya roƙi kada mu buga sunan da ya rubuta a layi na uku.