Gidan bayi a bakin kogin Misisipi: mai saye ya san amanar da ya ɗauka

A garin Natchez na jihar Misisipi, can kudancin Amurka, lokaci zuwa lokaci ana sa tsofaffin gidaje a kasuwa, irin waɗanda aka gina kafin yaƙin basasar ƙasar na 1861 zuwa 1865. Dillalai sun san abin da ke jan hankalin mai kuɗi: fararen ginshiƙai, baranda mai kallon kogi, manyan itatuwa da suka haura shekara ɗari. Abin da tallan bai cika faɗa ba shi ne hannun wa ya buga tubalin, kuma gumin wa ya biya kuɗin ginin. A ganina babu laifi mutum ya sayi irin wannan gida. Amma duk wanda ya saya, ya sani cewa ya ɗauki amanar mutanen da suka yi aikinsa ba a biya su ko sisi ba, kuma ba a rubuta wannan amana a takardar ciniki.

Faransawa ne suka kafa Natchez a 1716, a kan tudu mai kallon kogin Misisipi. Auduga ce ta yi garin. Masu gonaki suna noma a ƙasar da ke gefen kogi, jiragen ruwa suna kwashe audugar zuwa New Orleans, su kuma suna gina gidajen alfarma a kan tudu. Bayan Amurka ta haramta shigo da bayi daga Afirka a 1808, sai cinikin ya koma na cikin gida, aka riƙa kwaso mutane daga jihohi irin su Virginia ana kai su kudu. Daga 1833 zuwa 1863 kasuwar bayi ta Forks of the Road, wato mararrabar hanya, tana ci a bakin garin Natchez, kuma in ban da ta New Orleans babu wadda ta fi ta girma a wannan yankin. Gidajen sun tsira ne domin sojojin Arewa sun karɓi garin ba tare da an ƙone shi ba.

To, me ya shafe mu? Ai cikin waɗanda suka yi bauta a wannan ƙasa akwai ɗan uwanmu Musulmi. Abdurrahman Ibrahima, ɗan sarkin Futa Jallon a ƙasar Gine ta yau, an kama shi a yaƙi a 1788, aka sayar da shi ga wani manomi, Thomas Foster, kusa da Natchez. Shekara 40 ya yi yana bauta. Wasiƙar da ya rubuta da Larabci ce ta kai ga Sarkin Maroko ya sa baki, gwamnatin Shugaba John Quincy Adams ta shiga maganar, aka sake shi a 1828. Ya zaga biranen Arewa yana neman kuɗin fansar 'ya'yansa, kuɗin bai isa ba. Ya tafi Laberiya da matarsa a 1829, ya rasu a wannan shekarar bai sake ganin Futa ba. Shi an san sunansa saboda ya iya rubutu kuma ɗan sarki ne. Dubbai kuwa sai dai a ga sunansu guda ɗaya a lissafin gado, gefe da farashinsu.

Matsalar tana farawa ne daga aljihu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Gidan da ya kusa shekara 200 a ƙasa mai zafi da damshi kullum cikin gyara yake: gara na cin katako, rufi na yoyo, bango na jiƙewa, bakin tudun yana zaizayewa, ga kuɗin inshora. A unguwannin tarihi ba ka da ikon canja fuskar gidan yadda ka ga dama sai hukumar kula da tsofaffin gine-gine ta yarda. Gwamnatin tarayya tana rage haraji da kashi 20 cikin ɗari na kuɗin gyaran ginin tarihi, amma fa sai ginin yana kawo kuɗin shiga. Gidan da kake zaune da iyalinka kawai ba ya ciki. Ka ga ke nan tsarin da kansa yana tura mai gida ya mayar da shi masaukin baƙi ko wurin biki. Shi kuwa mai neman wurin biki ba ya son a nuna masa ɗakin da aka kwantar da bayi. Sai a yi wa ɗakin fenti, a sa gado mai laushi, a canja masa suna, tarihi ya ɓace a hankali ba wanda ya ce ya goge shi.

Wannan ɗabi'a ta daɗe. Tun 1932 matan wata ƙungiyar masu lambu a Natchez suka fara buɗe gidajen ga masu yawon buɗe ido duk shekara, har suka sa wa ziyarar suna da kalmar Turanci da ake fassara aikin hajji da ita. Shekaru masu yawa ana nuna wa baƙi kujeru da madubai da manyan riguna, ana kiran bayi da "masu hidima". Sai a 2021 wani ɓangare na filin Forks of the Road ya shiga hannun hukumar kula da wuraren tarihi ta ƙasa.

Akwai misali biyu a bakin wannan kogin, a jihar Luwiziyana. Nottoway, katafaren gidan da aka gama a 1859, an mayar da shi otal da wurin bukukuwa. Da ya ƙone a watan Mayu na 2025, wasu sun yi baƙin ciki, wasu kuwa murna suka yi a fili a intanet. Wannan murnar ta nuna yadda jikokin bayi da yawa ba su taɓa jin cewa gidan yana ba da labarinsu ba. Whitney kuma wani lauya ne, John Cummings, ya saye shi, ya kashe miliyoyin daloli daga aljihunsa, ya buɗe shi a 2014 a matsayin gidan tarihin bauta. Masanin tarihi ɗan Senegal, Ibrahima Seck, ya jagoranci binciken, aka zana sunayen bayin a jikin dutse.

Wani zai ce mai saye na yau bai taɓa mallakar bawa ba, kuma addini ya koya mana cewa ba a ɗora wa wani zunubin wani. Gaskiya ne, ba na neman ya biya bashin Thomas Foster. Sai dai addinin nan ya tsananta a kan mai sayar da ɗa ya ci kuɗinsa, da mai sa ma'aikaci aiki ya hana shi lada. Idan yau kana cin riba da kyawun ginin, mafi ƙarancin adalci shi ne kada ka ɓoye waɗanda aka zalunta wajen gina shi. Wani kuma zai ce a rushe su duka kowa ya huta. Ban yarda ba. In aka rushe gidan, an rushe shaida, kuma gwanintar magina da kafintoci baƙar fata ce za a kwashe a mota a zubar.

Ba kowa ke da kuɗin Cummings ba, amma abin da ake nema bai fi ƙarfin mai gida ba. Ya bar ɗakunan bayi da tsohon madafi yadda suke. Ya nemi sunaye a takardun gado da na ciniki da ke kotun gunduma, ya rubuta su inda baƙo zai gani. In akwai kaburbura a filin, ya kewaye su, ya buɗe wa jikoki ƙofa. In zai ba da haya don biki, ya faɗa wa masu biki inda suke tsaye.

Mu ma kada mu karanta wannan muna girgiza kai kamar ba ruwanmu. Laifi tudu ne. A Salaga ta arewacin Gana, inda fatake Hausawa suka riƙa zuwa sayen goro, an yi babbar kasuwar bayi, kuma rijiyoyin da aka yi musu wanka suna nan har yau. Muna kai baƙi Elmina da Cape Coast mu nuna musu aikin Turawa, amma mu nawa ne muka zaunar da 'ya'yanmu muka ba su labarin Salaga? Abin da muke nema daga mai sayen gida a Natchez, wallahi shi ne ya hau kanmu a nan: a kiyaye wurin, a nemo sunayen, a koya wa yara.