Raddi Ga Masu Cewa Tafkin Bosomtwe Zai Yi Aman Wuta

Wani saƙon murya ya zagaye Zangon Kumasi, mai shi yana cewa tafkin Bosomtwe bakin dutse ne mai aman wuta, kuma wata rana toka mai zafi za ta taso daga can ta binne gari. Ɗan'uwa, tsoratar da jama'a ba da ilimi ba abu ne mai nauyi, don haka ga amsa.

Ka ce zagayen tafkin da tsaunukan da suka kewaye shi su ne shaida. A shekarun 1930 wasu masana ma haka suka zata. Bincike ya rushe wannan zato: dutse ne ya faɗo daga sararin samaniya kimanin shekara miliyan ɗaya da suka wuce, ya haƙa rami mai faɗin kilomita 10.5. An haƙa ƙasan tafkin a 2004, aka samu duwatsun da bugu ya farfasa, kuma ɓurɓushin da ya fantsama an tsince shi har a Kwaddibuwa.

Ka ce ambaliyar toka za ta zo. Ka san yadda take samuwa kuwa? Sai da narkakken dutse mai ɗauke da iska a ƙarƙashin ƙasa. Irin baƙin dutsen nan da ake kira basalt ruwa-ruwa ne, iskarsa kan fice cikin sauƙi, shi ya sa yawanci malala yake yi. Yakan zama ambaliyar toka idan ya haɗu da ruwa ya fashe, ko tarin garwashinsa ya zame daga gangare mai tsayi, ko turnuƙun da ya tashi sama ya yi nauyi ya rufto. A nan ne toka da tsakuwa da iska mai ƙuna ke gangarowa da gudun da ya wuce kilomita 100 a awa. Haka dutsen Fuego na Guatemala ya yi ranar 3 ga Yuni, 2018, ya binne ƙauyen San Miguel Los Lotes. Duk wannan yana buƙatar wuta a ƙasa, alhali duwatsun ƙasar Asante, waɗanda ake haƙo zinariya a cikinsu, sun huce tun shekara biliyan biyu.

Ka kawo tafkin Nyos na Kamaru, inda mutum fiye da 1,700 suka rasu a 1986, Allah ya ji ƙansu. Nyos yana kan jerin duwatsu masu aman wuta, kuma iska mai shaƙe numfashi ce ta kashe su. Bosomtwe ba ya cikin wannan jeri.

In haɗarin ƙasa kake jiye wa Ghana, girgizar ƙasa ce, irin wadda ta afka wa Akra a 1939. Ina roƙonka ka janye saƙon nan, ka kuma sanar da waɗanda ka tura wa.