Jarrabawar Anatomi Daga Aji Huɗu Take Farawa



A hutun da ya wuce, wata tsohuwar ɗalibarmu da ke karatun likitan haƙori a Jami'ar Bayero ta Kano ta zo gida da littafi mai kaurin tubali. Shirin jarrabawar anatomi take yi, wato ilimin sassan jikin ɗan Adam. Maimakon ta sha addu'a, sai ta sha magana a majalisu da gidajen biki. Wasu suna cewa, shekara shida a kan cire haƙori, abin da wanzami ke yi kafin shayi ya huce? Wasu kuma, har da masu takardu a cikinsu, suna cewa a daina wahalar da yarinya, 'ya'yan wannan yanki ba su da kan kimiyya, faɗuwa za ta yi. Shiru a kan waɗannan maganganu biyu bai dace da malami ba.

Ga masu maganar wanzami, bari mu faɗa musu abin da ke cikin littafin nan. Ɗalibin haƙori da ɗalibin likitanci aji ɗaya suke zama a farkon tafiya, gawa ɗaya suke koyo a kanta. Dole ta san ƙasusuwa 206 na jikin baligi, 22 daga ciki a ƙoƙon kai. Dole ta san tagwayen jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, musamman ta biyar, mai ɗauko ji daga fuska da haƙora. Reshenta guda yana ratsa cikin muƙamuƙin ƙasa, kuma kusa da shi ake kai allurar kashe zafi ba tare da ido ya gan shi ba. In aka ji masa rauni, leɓen mutum na iya mutuwa. Ruɓar turmin haƙori na ƙasa kuwa tana iya gangarawa ƙarƙashin harshe ta toshe numfashi. Ranar jarrabawa, bayan ta rubutu da ta baka, za a jera sassan jiki a tebura, an soke kowanne da alama. A kaɗa ƙararrawa, ɗalibi ya rubuta suna da aiki, a sake kaɗawa, ya matsa gaba. Wanda ya faɗi ya sake, wanda ya ci gaba da faɗuwa a sallame shi daga sashen.

To, wa ya fi mu bukatar wanda ya ci wannan jarrabawa? Akwai cutar noma, ba noman gona ba, wadda ke farawa da kumburin dasashi a bakin ƙaramin yaro mai tamowa, ta cinye kunci da leɓe cikin 'yan kwanaki. In an gane ta da wuri, magani mai araha yana tsayar da ita. In an makara, mafi yawan yaran mutuwa suke yi. Tun 1999 akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa rikon sakainar kashi. Ba mu kuma manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, har sai da likitocin na-gari-na-kowa suka zo daga ƙetare suka kawo ɗauki. Al'ummar da ta ga wannan ba ta da bakin yi wa ɗalibar lafiya dariya.

Magana ta biyu ta fi ciwo, domin kama da tausayi take yi. Ba su da kan kimiyya? Yaron da ya haddace izu sittin ne za a ce ba zai iya riƙe sunayen jijiyoyi ba? Yarinyar da ta tsaya ana feɗe ragon layya, ta san hanta da huhu da saifa da ƙoda, ita ce ba ta da idon gane sassan jiki? Ƙwaƙwalwa tana nan. A tambaye mu abin da babu, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami guda ga yara 35 a firamare. Wane ne cikinmu ya taɓa ganin wannan aji? 'Yan gudun hijira sun cika garuruwanmu, ajujuwa sun cika sun batse, na ƙauyuka da yawa kuwa an bar wa jemagu. A 2021 an rufe makarantun jihar nan saboda 'yan bindiga. Yaron da ya taso haka, ya wuce sakandaren da ba ya taɓa kayan gwaji, shi ake so ya yi gogayya da ɗan Kano da ɗan Ilori a JAMB, a Turanci da fiziks da kemistiri da bayoloji. In ya tsallake ya shiga jami'a, sai anatomi ta tare shi da bashin aji huɗu.

Amma laifi tudu ne, kada mu taka namu mu hango na wani. Mu nawa ne ke rubuta sunayen sassan jiki da Turanci a allo, yara su rera kamar waƙa, mu ce an yi darasi? Wannan rerawar ce ke kayar da su a gaban teburin da ke neman a gane abu da ido. Alhali kayan aiki na bakin yaran. Ɗan aji ɗaya da aji biyu famfara yake yi. A sa shi ya ƙirga haƙoransa, ya ji cewa na nono 20 ne, na babba 32, ya tambayi dalili. Muƙamuƙin akuya daga mahauta ba ya bukatar kasafin kuɗi. A bayyana da Hausa har a gane, sannan a ɗora sunan Turanci. Gani ya kori ji.

Saura na hukuma. Gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2023. Muna so mu ga alamarta a ajin kimiyya na firamare: a ɗauki malamai, a rage cunkoso, a kawo zane-zane da kayan gwaji, a biya haƙƙin malami a kan kari, domin mai tunanin masara ba ya tsara darasi. Ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum su san 'ya'yansu da ke karatun lafiya ɗaya bayan ɗaya, su tallafa musu tun kafin jarrabawa, ba a fafe gora ranar tafiya. Iyaye kuma a daina kiran ɗalibi gida don kowane suna da biki yana tsakiyar bita.

Ita kuwa ɗiyarmu, ta koma Kano da littafinta. In ta ci, mu duka muka ci. In ta faɗi, kafin kowa ya buɗe baki, ya fara zuwa ya leƙa ajin da ta fito.

Allah ya ba ta sa'a, ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, amin.